Yaran Challawa Ba Su Ƙi Karatu Ba, Mu Ne Ba Mu Rubuta Musu Ba

Yau ba da 'yan fim za mu fara ba, ba kuma da masu satar littafi su watsa a WhatsApp ba. Kanmu za mu taɓa, don haka mai saurin fushi ya kurɓi ruwa tukuna.

Da wuya a yi taron marubuta a Kano a tashi ba a samu wanda ya miƙe ya gyara zaman hula ya ce al'adar karatu ta mutu ba. Waya ta cinye yara, TikTok ya lalata su, 'yan yanzu ba sa son littafi. Sai mu tafa, a raba lemo, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Tambayar da ba mu taɓa jin an yi a irin wannan taro ba ita ce: shi wannan yaron da muke zargi da ƙin karatu, ya iya karatun kuwa? In bai iya ba, a cikin duk abin da muka rubuta, wanne ne zai iya ɗauka ya fara da shi?

Kwanakin baya wasu daga cikinmu muka kai kyautar littattafai wata firamare a yankin Challawa, can wajen Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso. Ba za mu faɗi sunanta ba, don abin kunyar da za mu ba da labari namu ne, ba nata ba. Mun je da kwali biyu, da ƙyalle mai ɗauke da sunanmu, da mai ɗaukar hoto. Abin da ke cikin kwalayen kuwa, in za a faɗi gaskiya, yawancinsa ragowar littattafanmu ne da suka ƙi tafiya a kasuwa, sai 'yan kwafin Magana Jari Ce da wani ya saya don kada abin ya zama babu fasali.

Aka shigar da mu aji biyar. Ɗayanmu ya ce a sa wani yaro ya karanta mu ɗauki bidiyo. Wata yarinya a layin gaba ta miƙe ta karanta shafi guda na Magana Jari Ce babu gargada, har tana sauya murya in mai magana ya sauya. Muka tafa, ranmu fes. Muna shirin naɗe ƙyalle sai malamar ajin ta ce, “Malamai, don Allah ku ɗan zaga baya.”

Muka zaga. Yaron da ya fi kowa tsayi a ajin ya karɓi littafin, ya ƙura wa shafin ido, sai ya fara maimaita jimlar farko da yarinyar nan ta karanta, kalma bayan kalma, alhali shafin da ke gabansa daban ne. Kunnensa ne ya yi karatun, ba idonsa ba. Na kusa da shi ya san sunan kowane harafi, amma in aka ce ya haɗa biyu sai ya yi shiru. Wata kuma tana haɗawa, gaɓa bayan gaɓa, da yatsa a kan layi, sai dai kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta. Akwai wani da malamar ta ce a Islamiyya yana cikin na gaba, in aka ba shi Alƙur'ani ba ya tuntuɓe, amma a boko sunansa kawai yake iya rubutawa. Aji ɗaya, yunifom ɗaya, littafin gwamnati ɗaya.

Malamar ta dubi kwalayenmu ta ce, “Mun gode, Allah Ya saka. Amma waɗannan littattafan mutum nawa kuka kawo wa a cikinsu?”

Ba mu amsa ba. Da yamma muka ɗora bidiyon yarinyar nan a Facebook, aka yi ta yi mana jinjina. Na yaran baya ba mu ɗauka ba, kuma babu wanda ya ce a ɗauka.

Wanda ya san Challawa ba zai yi mamakin wannan gauraye ba. Yanki ne na kamfanoni, kamar Sharaɗa da Bompai, mafi shahara da kamfanonin fata waɗanda warinsu ke yi maka sannu da zuwa tun daga nesa. Inda kamfani yake, nan masu neman abinci ke taruwa. Wani ya taso da iyalinsa daga ƙauye a tsakiyar zangon karatu, wani daga wata jiha, ɗansa a titi ya koyi Hausa. Wani uban yana aikin dare, ya dawo da asuba a gajiye, babu wanda zai ce wa yaro kawo littafinka mu gani. Aikin wucin gadi in ya tsaya, yaro ya bar makaranta ya kama talla ko ya bi shago, bayan wata uku ya dawo ya tarar an wuce shi. Sai a kwashe su duka a zuba a aji ɗaya saboda shekarunsu sun zo daidai, a ba malama manhaja a ce ta gama ta kafin jarrabawa.

Ita kuma ta yi yaya? Ta rubuta a allo, ta karanta, aji ya amsa baki ɗaya. Muryar aji in ta tashi har daga titi ana ji, mai wucewa ya ce ma sha Allah ana karatu. A cikin wannan amo ne yaron da bai iya ba yake ɓuya, yana motsa baki tare da mutane, shekara bayan shekara, ana ciyar da shi gaba. Mu da muka zauna a ajin difloma mun ga ƙarshen wannan hanya da idonmu: ɗalibi da gemunsa yana haddace takardar malami kamar waƙa, in aka juya masa tambaya kaɗan sai ya rikice. Ba a foli ciwon ya kama shi ba, daga aji biyu ya taho da shi.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Amma yawan masu ciwo ba ya rage wa naka zafi.

Abin haushin shi ne maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kusan duk wanda ke karanta wannan rubutu ya zauna a makarantar allo. Ku tuna yadda take. Yara a zagaye da malam, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na can ya fara haɗawa, wani kuma ya yi nisa cikin izu. Kowa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya. In bai iya ba, ba za a ce ya wanke ba, ko da sa'ansa ya wuce shi da izu biyar. In ya iya, ba za a tsare shi ya jira wasu ba. Manyan ɗalibai kuma suna biya wa ƙanana. Ba muna cewa makarantar allo ba ta da nata matsalolin ba, muna da labarin bulala, kuma ba ita muke kewa ba. Amma a wannan gaɓa guda, ta sanin inda kowane yaro yake da ba shi abin da ya dace da wurin, kakanninmu sun riga masu digiri.

Sai ga shi an zagayo an kawo mana abinmu daga Indiya. Ƙungiyar Pratham ta can ta fito da tsarin da ake kira TaRL, ma'ana koyar da yaro daidai da matakinsa. Ana zaunar da kowane yaro shi kaɗai a gwada shi da baki cikin 'yan mintuna, a ga a ina yake cikin matakai biyar: wanda bai san komai ba tukuna, wanda ya san harafi, wanda ke karanta kalma, wanda ke karanta sakin layi, da wanda ke karanta labari. Daga nan, na wani lokaci a kowace rana, sai a manta da batun aji, a haɗa yara bisa matakinsu, kowane rukuni da irin aikinsa. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya hau sama. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka daɗe suna auna wannan tsari a Indiya, kuma sun ga yana aiki in an bi shi yadda ya kamata. A nan Kano ma an gwada shi. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, da hannun hukumar SUBEB da British Council da TaRL Africa, kafin korona ta rufe makarantu a 2020. A Bauchi da Sakkwato an yi Mu Karanta da kuɗin USAID, a Katsina da Zamfara an yi RANA tare da UNICEF, dukkansu don yaro ya fara karatu da Hausa.

To, ina ruwan marubuci a ciki? Ga inda yake. A ce malama ta raba yaran nan rukuni biyar. Ta zaunar da masu matakin kalma a ƙarƙashin bishiya. Me za ta miƙa musu? Littafin koyarwa guda ɗaya yana nuna wa yaro yadda ake haɗa baƙi da wasali, amma ba ya mayar da shi makaranci. Karatu kamar tuƙin keke ne, sai an yi ta hawa. Yaron da ya fara haɗa gaɓoɓi yana bukatar ƙananan labarai masu yawa, ashirin, talatin, hamsin, waɗanda zai iya gamawa da kansa ya rufe ya ce na karanta littafi. Na matakin sakin layi yana bukatar nasa. Waɗannan labarai ba ma'aikatar ilimi ce za ta zauna ta ƙago su ba, ba sana'arta ba ce. Sana'armu ce. Kuma mun bar ta.

Ba haka magabatanmu suka yi ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, dalilinta shi ne an koya wa mutane boko amma babu abin da za su karanta. Magana Jari Ce da muke ɗauka a kai muna yawo, wanda aka fara bugawa a 1937, don 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta shi. Bai ga girmansa ya faɗi ba. Ku dubi sunayen littattafan da iyayenmu suka koyi karatu da su daga Zariya: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Sunayen kaɗai tsani ne, hawa bayan hawa. Mutanen nan sun san ba a cilla yaro kan soro, sai an kafa masa abin takawa. Mu kuma da muka gaje su, muka zo muka cika kan soron da kaya, labarin soyayya kashi na ɗaya zuwa na huɗu, labarin gidan attajiri shafi ɗari da hamsin a waya, sannan muka leƙo ƙasa muna zagin yara don ba su hau ba.

Ba soyayya muke zagi ba. Adabin kasuwar Kano ya koya wa mata da yawa karatun Hausa a cikin ɗakunansu, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Amma waɗancan matan sun samu wanda ya ɗora su a matakin farko, littattafan suka ja su gaba. Yaron bayan aji a Challawa matakin farkon ne bai samu ba.

Mun san abin da wasu ke cewa a ransu yanzu: rubutun yara ai wasa ne, na wanda ya kasa rubuta babban labari. To bismilla, ga fili ga mai doki. Ɗauki haruffa biyar kawai, a, i, k, m, n, waɗanda muka ƙaddara yaro ya riga ya koya. Rubuta labari da su, mai farko da ƙarshe, wanda zai sa yaro dariya. Mun gwada, mun kwana biyu muna gogewa, ga abin da ya tsira:

Nama na nan. Kaka na nan. Ina nama? Kaka, ina nama? Kai, Kaka!

Jimla biyar, shafi biyar, kowanne da zane. Duk yaron Bahaushe ya san wasan jika da kaka, don haka ya gane wanda ya cinye naman ba tare da an faɗa masa ba. Ba mu ce gwaninta ba ce, wani a zauren nan zai yi wanda ya fi shi. Amma duk wanda ya zauna ya gwada zai ga yadda hannunsa ke kai wa ga “sai” da “ya ce” da “ta tashi”, yana janyewa, domin s da y da c da t ba su iso ba tukuna. A nan marubuci ke gane kalma nawa ya sani da gaske.

In an hau sama kaɗan, wasu ƙa'idojin ke shigowa. Gaɓa mai baƙi da wasali kawai, irin ta “gida” da “rana”, ta fi sauƙi a kan mai rufaffen ƙarshe irin ta “littafi” ko “hannu”. Tagwayen baƙaƙe, sh da ts da kw da gy da ƙy, sai a shigo da su ɗaya bayan ɗaya, ba a zuba su a shafi guda ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka “gari” na iya zama inda ake zama ko abin da ake tuƙa tuwo, “wuya” na iya zama ta jiki ko ta rayuwa. Babba yana ganewa daga abin da ke kewaye, ba ya ma lura. Yaron da ke bin layi da yatsa kuwa sai jimlar ko zanen sun taimake shi. Kalma in ta zo sabuwa, a maimaita ta sau da yawa kafin a kawo wata. Layi kada ya karye a tsakiyar magana. Duk wannan aiki ne na mai sanin harshe, ba na mai neman abin yi ba.

Sannan ga wanda ya fi ba mu tausayi, dogon yaron nan da ya haddace jimla. Shekararsa ta kai sha biyu ko sha uku. Matakin karatunsa na ɗan aji ɗaya ne, amma hankalinsa ba na ɗan aji ɗaya ba ne. Ya san kuɗin Adaidaita Sahu daga Panshekara zuwa cikin gari, ya san 'yan wasan Kano Pillars, wataƙila yana kiwon tantabaru, wataƙila shi ke kai wa babansa abinci ƙofar kamfani. In ka miƙa masa labarin ɗan tsako da uwarsa a gaban ƙannensa, ka wulaƙanta shi, kuma ba zai sake buɗewa ba. Abin da yake bukata shi ne labari mai sauƙin kalmomi amma mai nauyin zance: ranar da tantabararsa ta bi ta wani, ranar da aka aike shi da kuɗi suka faɗi, ranar da ya tsaya a gola. Irin wannan littafi, mai saukin baƙi ga babban yaro, shi ne ya fi ƙaranci a Hausa, kuma shi aka fi bukata a aji huɗu zuwa shida.

Ita ma yarinyar da muka ɗauka a bidiyo kada a ɗauka ta tsira. In ta gama Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi, me muka tanadar mata? Tsakanin waɗannan tsofaffin littattafai da labaran manya akwai wani fili fetal. Abin da zai faɗo hannunta shi ne wayar yayarta, da labarin da mu kanmu muka rubuta a samansa cewa na matan aure ne. Wa ya rubuta shi? Ɗan zauren nan ne. Sannan gobe shi ne zai hau mumbarin taro yana kukan tarbiyya.

Tunda mun zo kan waya, bari mu faɗi wadda za ta fi ɗaci. Malama tana fama ta koya wa yaro bambancin “kasa” da “ƙasa”, da “kafa” da “ƙafa”, da “bari” da “ɓari”. Ya koma gida ya leƙa rubutun marubuci, ya tarar da “xan xo”, da “qasa”, da “nah” da “mah”, da “yace” da “zaka” a manne, da “dan” guda ɗaya da ke tsaye a madadin “don” da “ɗan”. Babba yana iya hasashe ya wuce. Mai koyo ba ya hasashe, abin da ya gani shi yake furtawa. Allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ kyauta ake saukewa a waya. Wanda ya kira kansa marubuci amma ya ƙi sa ƙugiya don ganda, yana warware abin da malamar Challawa ta ɗinka da safe.

Za a ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai nata kaso, kuma babba ne: azuzuwa, kujeru, ɗaukar malamai da horar da su, rage cunkoso. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya ina aka kwana. Amma ko gobe aka gina aji dubu, gini ba ya rubuta labari. A Abuja kuma ana ta juya mu kamar waina. A 2022 aka amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 aka ce an soke, a koma Turanci. Wanda ya ce zai jira ƙura ta lafa kafin ya ɗauki alƙalami, yaron nan zai yi aure bai gama jira ba. Ra'ayinmu a fili yake: yaro ya fi saurin gane cewa baƙi sauti ne in kalmar da ta fito ta bakinsa ce, kuma Hausa ta yi mana gata, yawanci yadda aka rubuta haka ake faɗa. Wanda ya kama wannan dabara da Hausa, da ita zai shiga Turanci. Ko wane harshe aka ce a yi lissafi da shi a aji, babu dokar da ta hana yaro karanta labarin Hausa a gindin bishiya.

Za a ce ƙungiyoyin waje suna yi. Suna yi, Allah Ya saka musu, amma shiri yana da ranar farawa da ranar rufewa. USAID ɗin da ta ɗauki nauyin Mu Karanta an rushe ta a 2025. Harshen da ke da masu magana miliyoyi, da marubuta cike da Facebook da Wattpad, bai kamata littafin farko na 'ya'yansa ya dogara da wanda ya ci zaɓe a Amurka ba.

Za a ce raba yara rukuni-rukuni tozarci ne, na ƙasa zai ji kunya. Wannan ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, kuma mun ɗauke shi da nauyi. A kamfanonin fata na Challawa ma ana tantance fata, a ware mai kyau, a jefar da mai aibi gefe. In irin wannan tantancewa za a yi wa yara, a ce ga ajin masu ƙwaƙwalwa ga ajin daƙiƙai har abada, to gara a bari. Bambancin shi ne rukunin karatu ba mazauni ba ne, zango ne, ana sake gwaji ana tashi. Kuma kunyar da ake gudu ai tana nan tun tuni. Yaron da ya shekara biyar yana motsa baki don kada a gane shi, kullum da ita yake kwana. A cikin rukunin da kowa irinsa ne, a karon farko zai ɗaga hannu.

Za a ce babu kuɗi a ciki. Wannan kam ba za mu yi muku ƙarya ba, babu sosai, aƙalla a yanzu. Amma mu ne fa muke kwana muna buga labari shafi tamanin kyauta don a ce mana “muna jiran ci gaba”. Wanda ya iya wannan sadaka zai iya ta jimla goma. Kayan aikin ma ba su da tsada. Takarda biyu in aka naɗe su tsakiya sun ba da shafi takwas, shagon fotokofi ya gama sauran. Kwalayen da ake zubarwa a Sharaɗa da Challawa in aka yanka sun zama katin gaɓoɓi. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Bloom, wadda in ka faɗa mata haruffan da yaro ya koya za ta nuna maka duk kalmar da ta ƙetare iyaka, da duk jimlar da ta yi tsawo. Akwai African Storybook da StoryWeaver a intanet, inda aka jera labarai hawa-hawa, da na Hausa a ciki, kuma kowa na iya ɗora nasa. Ku shiga ku duba, za ku ga da yawa fassara ce daga wasu ƙasashe, wata Hausar ma sai ka karanta sau biyu. Ba laifin masu fassarar ba ne, gurbin da muka bari suka cike.

Saboda haka aikin wannan mako ba sharhi ba ne. Kowa ya zaɓi mataki ɗaya, ya faɗi wanne ne, ya rubuta labari guda wanda bai wuce shafi takwas ba. Kafin ya kawo mana, ya nemi yaro na gaske da ke wannan matakin, ƙani ko ɗan maƙwabta ko almajirin gida, ya ba shi, ya zauna kusa, ya kama bakinsa. Kada ya karanta masa, kada ya gyara masa. Duk inda yaron ya tsaya ya sa alama, in ya tsaya sau uku a layi ɗaya, layin ne za a sake, ba yaron ba. In ya gama, a tambaye shi me ya faru a labarin. Masu zane a cikinmu, wannan karon ku ne manyan baƙi, don rabin labarin matakin farko a hannunku yake. Malaman firamare da ke zauren nan kuma ku za ku yi mana alƙalanci, mu marubuta mu yi shiru mu sha gyara.

Waɗanda suka tsallake za mu buga su mu koma Challawa da su, a jere bisa mataki, mu miƙa wa malamar nan ta raba yadda ta san yaranta. Dogon yaron nan shekara ɗaya ta rage masa a firamare. Mai son zuwa ya zo da fensir da haƙurin zama a ƙasa. Ƙyalle da mai hoto a bar su a gida.